Sunan Ɗan Fari

Shafi na 23

Masu biyo ni har ta waya kuna cewa na cika jan rai, na ji. Ke kuma da kika rantse in ban fito da Mas'udu yau ba kin daina karantawa, baiwar Allah ba ni na kama shi ba, Sadi ne, ki je can ki same shi.

Sababbin shigowa, ga inda muke. Mas'udu ɗan Fulani ne daga wata ruga ta bayan Janbako. Damina biyu ke nan yana tsare, ko ƙofar kotu ba a taɓa nuna masa ba. Laifinsa kawai ya tattara wayoyin mutanen rugarsu a jaka ya kai caji kasuwar Tungar Maje, Sadi da yaransa 'yan sintirin kasuwar suka ce mai kai wa ɓarayin daji rahoto ne. Yau wata mai shari'a za ta zauna a Mafara ta duba irinsu da aka manta da su a tsare. Bismillah.

*

Da hantsi a-kori-kurar Malam Tukur ta tsaya a bakin rugar, bayan ta gama kaɗa musu hanji a hanyar Janbako. Zuhura ta diro tana dafe da ƙugu. Ita ce shugabar Ƙungiyar Mu Tsaya Musu, 'yar Mafara ce gaba da baya, kuma duk wanda ya san ta ya san ba a gajiyar da ita da je-ki-ki-dawo. Wannan ba shi ne zuwanta na farko rugar ba.

Bappa na zaune gindin marke yana tufka igiya. Wan mahaifin Mas'udu ne, shi ya riƙe yaron tun yaye, kuma tun rasuwar ƙanensa shi kaɗai ne babba a rugar.

"Salamu alaikum. Bappa, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau. Kun zo lahiya?"

"Lahiya lau. Ina gajiya? Ya iyali? Ya dabbobi? Ya munka ji da zaman daji?"

"Da godiya. Sai haƙuri."

Gaisuwa ta yi tsawo yadda aka saba, amma ko tabarma bai ce a shimfiɗa musu ba. Zuhura ta lura, ta yi kamar ba ta gani ba, ta tsuguna a ƙasa abinta.

"Bappa, yau ce ranar. Bayan azahar mai shari'a za ta zauna. Ga Malam Tukur nan, mai gyaran injin ban-ruwa a Bakura. Shi ya yarda zai tsaya ma Mas'udu ta wajen Hausawa, in an sake shi ya tahi da shi shago ya koya mashi aiki. Saura na jini."

Bappa bai ɗago ba.

"Ka san sharaɗin da munka samu da ƙyar," ta ci gaba. "Kowane yaro mutum biyu za su tsaya mashi, ɗaya daga gidansu, ɗaya daga ɗaya ɓangaren. Bahaushe ya tsaya ma ɗan Fulani, Bafulatani ya tsaya ma ɗan Hausawa. Wanda bai cika biyun ba, gobe mota za ta kwashe shi zuwa babban gidan yari, a haɗa shi da ɓarayin gaske. Daga can kuma sai wani ikon Allah."

"Na hwaɗa maki wancan zuwan," in ji Bappa. "Babu mai zuwa."

"Ɗanka ne hwa."

"Awo, ɗana ne. Waɗancan masu wasa bayan garke su ma ɗiyana ne. Kin san Sadi zai zauna cikin ɗakin shari'ar shina kallon huskar duk wanda ya miƙe? In na miƙe yau, jibi wuta ce za ta kwana rugar nan. Ke kuma kina Mahwara bisa katifa."

"Na ce maka samarinmu za su riƙa kwana nan bi da bi. 'Ya'yan Hausawa. Mai sa wuta sai ya fara ƙona ɗan garinsu."

"Har yaushe? Sati? Wata?"

Malam Tukur ya gyara murya. Dattijo ne mai ƙarancin magana, hannuwansa duk tabon baƙin mai.

"Bappa, ni bara shanun nomana kaf anka kore. Da na ce zan tsaya ma ɗan Fulani, 'yan majalisarmu har hannu sunka daina ba ni. Ga ni dai na zo."

"Kai Bahaushe ne, Malam. In ka miƙe, iyaka a ce ka yi wauta. Ni in na miƙe, sai a ce ga uban ɓarayi."

Wannan kam gaskiya ce, kuma ta yi wa Zuhura ɗaci. Amma ba ta jijjigo tun asuba don ta koma hannu rabbana ba. Akwai maganar da ta kwana biyu tana ci mata rai, yau ta yi niyyar sai ta amayar da ita.

"To Bappa, bari in tambayi abu guda. Ran nan da na je dubo shi, wani gandiroba ya hwaɗa mani abin da ya hana a ba da belinshi tun farko. Wai Sadi ya shaida masu cewa ranar da anka kama shi uwarshi na wurin, an tambaye ta ko ɗanta ne, ta kau da kai. Sunka ce yaron da uwarshi ta ƙi, ai ita ta san halinshi. Da wagga magana sunka rufe shi. Ni ban yarda ba. Na zo in ji daga bakinta."

Hannun Bappa ya tsaya cak a kan igiyar.

"Ba ki da magana da ita."

Sai ga ƙarar ajiye ƙwarya daga bayan bukka.

Inno ce ta fito, mahaifiyar Mas'udu. Doguwa ce siririya, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Duk zuwan da Zuhura ke yi, bayan gaisuwa ko kalma ɗaya ba ta taɓa haɗa su ba. Ta durƙusa can nesa da Bappa, fuskarta a kauce.

Ku 'yan zamani masu ɗora hoton ɗan fari a waya kuna rubuta masa kalaman soyayya, ku tsaya in gaya muku. A gidan su Inno uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta yabonsa, ba ta cewa "ɗana" a gaban surukai. Ko faɗuwa ya yi a gabanta, wata ce za ta ɗauke shi. Tun ranar suna har ya fara gemu, Inno ba ta taɓa kiransa da komai ba sai "wancan" ko "yaron Bappa". Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma da ita ake auna mace mai tarbiyya a wurinsu.

"Gaskiya ne," Inno ta ce a hankali. "An tambaye ni."

"Ke! Koma ciki!" Bappa ya daka mata tsawa.

Ko gezau ba ta yi ba.

"Nono na kai kasuwa. Na ji hayaniya wajen mai caji. Da na matsa sai na ga wancan a ƙasa, an ɗaure mashi hannu da rawaninshi, wayoyi zube cikin ƙasa. Sadi ya ce mai shi ya hito ya yi magana. Wata ta nuna ni. Ya tako har gabana, ya ce, ke, ɗanki ne?"

"Mi kinka ce?" Zuhura ta tambaya.

"Ban ce komi ba."

"Don mi, Inno? Tsoro?"

"Tsoro?" Ta ɗago kai, idanunta a bushe. "Ni kaɗai na haife shi bayan garke ana ruwan sama, ban kira kowa ba. Ba tsoro ba ne, ɗiyata. Surukina, wan mijina, na tsaye wurin. Mai yaron na tsaye wurin, taku kaɗan tsakaninmu. Ina uwa za ta buɗe baki ta ce ɗanta ne, alhali wanda ya riƙe shi shina tsaye? Maganarshi ce, ba tawa ba. Sai na sadda kai ina jiran in ji muryarshi."

Zuhura ta juya sannu a hankali ta dubi Bappa.

"Na jira," in ji Inno. "Na jira. Da na ɗago, bayan rigarshi kawai na hango, ya shige rumfar masu gero."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jama'a, wannan Bappan fa shi ne ya ce wa Zuhura ranar yana can garin Kaya sayen dusa, labari kawai ya tarar. Haka ya faɗa wa duk rugar. Damina biyu matar nan tana kai masa fura da safe, tana durƙusa masa, ta san inda yake ranar, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Ran Zuhura ya ɓaci.

"Bappa, kana wurin?"

Bappa ya kau da kai.

"Da kai nike! Kana wurin anka ɗaure yaron da ka rena, ka bar mace tsaye ita kaɗai, sannan ka bari anka ɗora mata laihin?"

"Da na yi magana mu biyu za su ɗaure!" Bappa ya yi jifa da igiyar. "Ba ki ga idanunsu ba ranar! Ba su ga mutum ba, Bafulatani kawai sunka gani. In sunka tahi da ni, wa zai riƙe rugar? Wa zai riƙe matan nan da ƙananan? Kina zaton ina barci? Wallahi tun ranar ban sake cin abinci na ji daɗinshi ba."

Muryarsa ta karye. Ya ja gefen rawani ya rufe ido. Duk fushin da Zuhura ke ji sai da tausayinsa ya ɗan tsarga mata, don ta san tsoron nan ba na banza ba ne. Amma ba ta lallashe shi ba.

Inno ta miƙe.

"Bappan yara, ban ce ka yi laihi ba. Na rufa maka asiri don kunya, na yi shiru a kasuwa don kunya. Ga inda ta kai mu. Yau zan tahi."

"In kin taka motar nan, ba da yawuna ba."

"Ban nema ba."

Kai! Har Malam Tukur sai da ya sunkuyar da kai. Matan rugar da ke leƙe ta bayan bukkoki suka dafe baki. Tun da aka kawo Inno rugar tana amarya ba wanda ya taɓa jin ta mayar wa Bappa magana.

Ta shiga bukka ta fito da mayafinta na zuwa kasuwa, ko takalmi ba ta tsaya nema ba sai da wata ta biyo ta da shi.

Zuhura ta tare ta a jikin mota, ta rage murya.

"Inno, kada in ruɗe ki. Ba tsayuwa kawai za ki yi ba. Sai kin hwaɗi sunanshi da bakinki, kin ce ɗanki ne, gaban maza da mata. Mai shari'a ba ta san 'wancan' ba. Za ki iya?"

Inno ta gyara mayafinta.

"Mu tahi," ta ce.

*

Suka kama hanyar Mafara. Inno na tsakiya, Malam Tukur na fama da ramuka, Zuhura na satar kallonta. Leɓunanta na ta motsi. Da farko Zuhura ta zaci tasbihi take yi, sai daga baya ta gane sunan take gwadawa. Leɓe ya haɗu, ya rabu, sauti ya ƙi fita. Zuhura ta mayar da fuska taga don kada matar ta ga hawayenta.

Ana kiran azahar suka shiga Mafara. Sai da suka yi salla sannan suka nufi ɗakin taron.

Ƙofar ta cika maƙil. Matan ƙungiya sun yi yadda aka tsara, kowace Bahaushiya ta kama hannun Bafulatana, bibbiyu suke shiga, don kada a samu wadda za a ware a tsorata. Ga dattawan Bakura, ga na Maradun, ga samari masu koyon walda da ɗinki da ƙungiyar ta taɓa fitarwa, sun zo da rigunan aikinsu don a gan su.

Ga kuma Sadi.

Yana jingine da ginshiƙin ƙofa, yaransa na bayansa. Ba bindiga yau, an hana shiga da ita, amma kallonsa kaɗai ya isa. Yana hango Zuhura ya washe baki.

"A'a, Hajiyar ɓarayi, an iso?"

"An iso, Sadi. Ya aikin kama masu cajin waya?"

Wasu samari suka tuntsire da dariya. Fuskar Sadi ta canja.

"Ki yi ta yi. Ke ba ki da kunya wallahi. Su sunka tare mijinki hanyar Maradun sunka harbe shi kamar kare, ke kuma kin zama dillaliyarsu. Ni da hannuna na binne mutanen garinmu har ƙasa ta ƙi isa. Kina ina?"

Nan ya taɓo mata inda ke ciwo. Ta tako har gabansa, ba ko ƙifta ido.

"Kada ka sake sa Shamsuddeen a bakinka. Ni na wanke rigar da ya mutu cikinta, ba kai ba. Wanda ya kashe shi shina daji da bindiga, ba ya shigowa kasuwa da jakar wayoyin tsohi. Mutanen da ka binne Allah ya jiƙansu, ciwonka gaskiya ne. Amma ka kasa kamo mai laihi, ka kama mai kama da shi. In kai namiji ne ga daji can, ba a rufe shi ba."

Sadi ya cije leɓe. Sai idonsa ya sauka a kan Inno.

"Af! Wagga ba ita ce mai nonon da ta ƙi ɗanta ba? Yau kuma an tuna da shi?" Ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Na gane ki, tsohuwa. Hanyar rugarku ma na san ta."

Ya yi zaton maganar za ta tsaya tsakaninsu. Bai san Zuhura ba.

Ta juya wajen taron, ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta.

"Jama'a ku shaida! Dattawa ku shaida! Sadi na Tungar Maje ya ce ma matar nan ya san hanyar rugarsu! Da kunnena na ji, Malam Tukur ya ji! Daga yau ko kaza ce ta ɓata a rugar nan, kun san ƙofar da za a ƙwanƙwasa!"

Wurin ya ɗauki surutu. Kawuna suka juyo. Wani ɗan sanda da ke bakin ƙofa ya leƙo.

"Ni ban ce komi ba," Sadi ya faɗa yana ja da baya.

"To ka ci gaba da rashin cewa."

Ta kama hannun Inno suka shige. Hannun sanyi ƙalau, kamar an tsamo shi daga randa.

*

Mai shari'ar dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da wasa, kuma ba ta son dogon turanci. Aka fara shigo da yaran ɗaya bayan ɗaya.

Na farko wani Bello ne, ɗan Hausawa daga Bakura, wanda aka tsare kan zargin satar buhun shinkafa aka manta da shi. Ubansa ya miƙe. Wani tsohon Bafulatani mai sayar da shanu ya miƙe ya ce shi ma ya tsaya masa. Mai shari'a ta yi 'yan tambayoyi, ta ce a cire masa ankwa. Wata ta rangaɗa guɗa, aka tsawatar mata, ta ƙara wata.

Aka saki wasu. Aka mayar da wasu da ba wanda ya miƙe musu, suna tafe suna waiwayen taron ko za su ga fuskar gida. Kowane aka mayar sai Zuhura ta ji kamar an yanki naman jikinta.

Sai aka kira Mas'udu.

Da ƙyar Zuhura ta gane shi da rana tsaka haka. An aske gashin nan nasa tas, wuyansa ya zama kamar sillen kara, yana jan ƙafa ɗaya. Kansa a ƙasa, bai dubi kowa ba. Ya riga ya saba ba wani na gida mai zuwa dominsa.

Hannun Inno ya damƙe na Zuhura har sai da ta ji zafi.

"Wa ke tsaya wa wannan?" in ji mai shari'a.

Malam Tukur ya miƙe.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Tukur mai gyaran inji, Bakura. In kin sake shi, gobe da sahe shina shagona. Ci da kwana duk wuyana."

"Kai Bahaushe ne?"

"Awo."

"Madalla. Na jini fa?"

Zuhura ta ɗan taɓa Inno.

Inno ta miƙe, mayafi ya rufe rabin fuskarta. A lokacin ne Mas'udu ya ɗago. Da ya ga ko wace ce, sai da ya yi taga-taga, gandiroba ya tare shi.

"Baiwar Allah, mene ne shi a wurinki?"

Leɓunan Inno suka motsa. Ba abin da ya fito.

"Ban ji ba."

"Yaron... yaron Bappa ne."

Daga bayan ɗakin aka ji dariyar Sadi. Ya shigo ya samu kujera gefen taga, inda zai ga kowa.

Mai shari'a ta cire tabarau.

"Ban tambaye ki Bappa ba. An shaida mini kin taɓa ƙin yaron nan a bainar jama'a. Ba zan damƙa shi a hannun wadda ba za ta iya cewa nata ne ba."

Zuhura ta zabura ta miƙe.

"Ranki ya daɗe, ɗan fari ne, al'adarsu ce ta..."

"Zauna, Malama. Na san al'adar. Ni ma nawa ɗan farin har yau ban kiran sunansa a gida. Amma nan ba gida ba ne, kuma ba ke na tambaya ba."

Zuhura ta zauna. Ba abin da ya rage da za ta iya yi. Duk zirga-zirgar da aka sha, duk zagin da ta haɗiye, duk roƙon da aka yi kafin a samu zaman nan, yau ga shi ya rataya a bakin mace ɗaya.

"Zan sake tambaya sau ɗaya," in ji mai shari'a. "In ba amsa, a shigo da na gaba."

Inno ta sa hannu ta janye mayafin daga fuskarta.

Ta ɗago. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun yana zanen goyo.

"Mas'udu."

Can ƙasa ya fito, a shaƙe, kamar muryar wadda ta tashi daga jinya. Tsofaffin matan Fulanin da ke wurin suka rufe fuska da mayafi.

"Mas'udu!" Wannan karon har bakin ƙofa an ji. "Sunanshi Mas'udu. Ɗana ne. Ni na haife shi, shi ne na fari, nonona ya sha. Ba ɓarawo ba ne, bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Wayoyin da anka kama shi da su, har da tawa a ciki, ni na sa mashi cikin jaka da hannuna!"

Ba ta tsaya nan ba. Ta juya gaba ɗaya ta fuskanci taga.

"Kai kuma, ka tambaye ni ran nan a kasuwa ban ba ka amsa ba. Ga amsarka yau. Ɗana ne! Ka ce ka san hanyar rugarmu, to ka zo. Bukkata ce ta farko in ka wuce marke. Ina ciki."

Allahu akbar! Ɗakin ya kaure. Mata na kuka, dattawa na kabbara, samarin ƙungiya suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Malam Tukur da ba ya magana sai ga shi yana share ido da hular kansa. Zuhura kuwa kuka take tana dariya, ba ta ma san tana yi ba.

Mai shari'a ta bubbuga tebur har aka yi shiru. Ita ma sai da ta ɗan gyara murya kafin ta yi magana.

"To, alhamdu lillahi. Saura abu ɗaya." Ta dubi yaron. "Mas'udu, ka ji abin da ta ce. Ka tabbatar mini wannan mahaifiyarka ce, in sa a cire maka ankwa ka bi Malam Tukur."

Hawaye ne ke zuba a fuskarsa har haɓa. Yana kallon Inno kamar yau ya fara ganinta. Ya buɗe baki.

Sai idonsa ya gilma wajen taga.

Zuhura ta bi kallon nasa.

Sadi ya daina dariya. Yana zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya fito da kwalin ashana daga aljihu. Ya kai shi saitin kunnensa yana kaɗawa a hankali, idonsa a kan Inno.

Zuhura ta tuna maganar Bappa ta wutar da za ta kwana a rugar. Yaron nan ya san Sadi fiye da kowa a ɗakin, a jikinsa ya san shi. Ta gane abin da zai yi tun kafin ya yi.

"Mas'udu, a'a!" ta faɗa da ƙarfi. "Kada ka..."

"Malama, shiru! Ina jin ka, yaro. Mahaifiyarka ce?"

Ya sa kafaɗa ya goge fuskarsa. Ya kawar da kai daga Inno.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "uwata ta rasu tun ina ƙarami. Ban san wagga matar ba."